Kwanon Alhamis na Tanti Dado

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Tanti Dado Kora, mai sayar da 'ya'yan itace da cuku a kasuwar Arzeke, a gidanta da ke Banikanni, nan Parakou. Ina kan babur da fasinja a bayana aka bugo min waya. Na sauke bawan Allah a tsakiyar hanya, har yau ban san ko na ba shi haƙuri ba. An ce jiri ne ya ɗebe ta a bakin murhu, hawan jinin nan da ta daɗe tana rainawa. Kafin a samo mota ta cika. Cuku ne a tukunyar da ke kan wuta, tana tafasa shi da gishiri saboda washegari Alhamis ce.

Tanti, ni Boni ba ɗanki ba ne, ko kakan kaka ba mu haɗa ba. Amma da aka sa ki a rami na yi kukan da ban yi wa wasu 'yan uwana na jini ba, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Wanda bai san gidana ba ba zai gane ba. 'Yarmu Nyire tana shekara tara. Doguwar naƙuda ta taɓa mata ƙwaƙwalwa, ba ta tafiya, ba ta magana, ba ta iya tauna. Abinci kuma ba ta karɓa sai daga hannun uwarta, Lekiya. In wani ya miƙo cokali sai ta datse haƙora, ta kau da kai, ko da za ta wuni da yunwa. Ni ubanta ma haka take yi min. Saboda haka Lekiya ta zama kamar an ɗaure ta da igiya a ƙafar gado. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Gwaggonta da ta raine ta ta rasu a Nikki, ba ta je ba. Ta rame, ta yi baƙi, wata rana na same ta a tsaye da ludayi a hannu tana barci. Hirarmu ta ƙare a kan magani da wankin tsumma. Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba: wannan ya ce a kai yarinyar ƙauye, wancan ya ce ba banza ba, a bincika. Ba wanda ya taɓa cewa kawo ta in riƙe miki.

Sai ke. Kin shigo mana ba gayyata, da tire a ka, kika tsaya kina kallon matata.

"Ke Lekiya, yaushe rabonki da cin abinci da zafinsa?" Sai kika juyo kaina. "Kai kuma mai babur, ka zagaya gari da duk matan Parakou, taka ce kaɗai ba ta san bayan babur ɗinka ba. Kunya ba ta kama ka?"

Na ce miki yarinyar ba ta cin na hannun kowa. Kika ce, "To, ni ba kowa ba ce."

Makonni kika yi kina zuwa da yamma. Ki zauna a tabarma gaban Nyire, ki yanka mangwaro da ayaba ƙanana ƙanana, ki ɓare jan bawon cukun nan da aka rina da karan dafi, ki marmasa farin cikin da yatsu, ki matsa lemun tsami kaɗan. A ƙarshe ki fere abarba ki zuba. Sai ki ci abinki a gabanta kina santi, ko tayi ba kya yi mata. Na ɗauka wasa kike. Ranar da ta buɗe miki baki, Lekiya ta fita bayan ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Daga nan kika kafa dokar Alhamis. Bayan Magariba mu kawo miki Nyire, mu ɓace miki da gani sai bayan Isha'i. Daga baya wasu iyayen masu irin jarrabawarmu suka riƙa kawo nasu. Ba ki taɓa karɓar ko dala ba. Kuma ba kya barin mu tafi hannu rabbana. Kina da wani shuɗin kwano mai murfi, ki cika mana shi da haɗin nan, ki sa cokali ɗaya tak.

"Tanti, ai mu biyu ne," na ce miki ranar farko.

"Na iya lissafi, ɗan nan. Ko gaba kuke yi, cokali zai sa ku kalli juna. Ku cinye yanzu yanzu, kar ku ajiye. Abarba da cuku kamar surukai suke, a gaisa a wuce. In suka daɗe tare, sai ɗaci."

Muka yi dariya muka tafi. Mun zauna a kan dakalin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, muna miƙa wa juna cokalin kamar sababbin baƙi. Kafin mu kai rabin kwano Lekiya ta yi barci a kafaɗata, cokalin yana hannunta. A kan dakalin nan na sake jin dariyar matata, a nan ta soma yi min tsiya kan tumbina. Ba na jin nauyin faɗa: kwanon nan ne ya riƙe mana aure.

Sau ɗaya kika faɗa min dalili, kina wanke wuƙa, ba ki ko ɗago kai ba. Kin ce kin haifi ɗa irin Nyire, Tamu, kin goya shi har ƙafafunsa suna jan ƙasa. Mijinki ya tafi Kwatano neman aiki bai dawo ba. "Har Allah Ya karɓi abinSa, ba wanda ya taɓa ce min je ki huta." Ba ki ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba. Bakinki ya fi wuƙarki kaifi, kuma taurin kai gare ki. Na sha kawo miki maganin hawan jini ki ce sai kin gama da kasuwa. Ina jin haushinki a kan wannan, Tanti, Allah Ya sani.

An binne ki da safiyar Alhamis. Da muka dawo, 'yarki Bake ta miƙo min shuɗin kwanon da cukun nan na ƙarshe, ta ce, "Yaya, Mama don Nyire ta dafa shi." Na ce a raina yau ni zan yi. Tun azahar na yanka komai, har abarbar, na juya, na rufe, wai don ya jiƙa ya haɗa jiki kamar yadda ake yi wa miya. Shekaru ina ganin abarba a gefenki ba a fere ba sai cokali ya zo hannu, ina jin zancen surukai, na ɗauke shi barkwanci.

Bayan Magariba na zauna gaban Nyire. Da ta ga kwanon, ta ji ƙamshin, sai ta soma ɗan gurnanin nan da take yi in ta ji muryarki. Na miƙa cokali. Tanti, ta buɗe min baki. Karon farko tun da aka haife ta. Abin da na sa mata kuwa ɗaci ne kamar maɗaci. Ta tofar, ta kalle ni, ta datse haƙora. Kwana biyu ko daga hannun uwarta da ƙyar take karɓar kunu. Cukunki na ƙarshe a bola ya ƙare, da hannuna na zubar.

Alhamis ɗin da ta biyo na sake. Na bar abarbar a gefe sai da komai ya kammala. Na ci a gabanta ina santi kamar yadda kike yi, hawaye yana shiga min baki. Ta daɗe tana kallon ƙofa, ke take jira. Har na fid da rai, sai ta karɓa. Kaɗan ta ci, amma ta ci.

Na cika wa Lekiya shuɗin kwanon, na sa cokali, na ce ta je ta sha iska, ni ina nan. Ta yafa mayafi ta fita. Ba a jima ba na hango ta zaune a bakin ƙofar gida, kwanon a cinya, murfin a rufe. Na ce, "Ba za ki tafi ba?"

Ta ce, "In tafi da wa?"

Hutu dai zai samu, in Allah Ya yarda, amma bi da bi. Ɗaya ya fita, ɗaya ya tsaya. Abin da kike ba mu ba hutu ne kaɗai ba, junanmu kike ba mu, shi ne kuma aka binne tare da ke.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bake da mijinta da 'ya'yansu, da ƙaninki Malam Sanni Kora, da abokan zamanki na kasuwa, da iyayen Alhamis duka, waɗanda mu ma ta'aziyyar ya kamata a yi mana. Ya Allah Ka jiƙan Dado, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da Tamu yana tsaye da ƙafafunsa. Ita da ba wanda ya taɓa ce mata je ki huta, ya Ubangiji Ka hutar da ita a Aljannar Firdausi. Mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.