Ɓerayen da Baba Ya Tara wa Yaya

Bayan sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, yayata ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take karatu. Tun daga tasha Baba ya fara dabarar hana ta komawa. Masaƙar da yake aiki ta rufe, Mama ta rasu, gidanmu na unguwar Television ya yi masa faɗi. Ni ina nan, amma wa zai yi kewar wanda kullum yake cinye masa tuwo?

Baba ya zaunar da ita a tsakar gida, ya ce ta yi masa bayanin aikinta, ban da Turanci. Ta ce idan jijiyar jini ta lalace, akwai ƙwayar gado da ake saka mata don ta gyaru. Wahalar ita ce a san ko maganin ya kama. Shi ya sa suke haɗa shi da wani abu mai ƙyalli, su haska, su ɗauki hoto. Inda ya yi haske, magani ya isa.

"A jikin wa?" in ji Baba.

"Ɓera, Baba. Ba mu kai kan mutum ba tukuna."

Baba ya tafa hannu. "Ɓera! Saboda ɓera kika tsallake teku?"

Ran Lahadi, lokacin sanarwa a coci, ya miƙe ya ce 'yarsa likita tana neman ɓeraye masu rai. Mutanen cocinmu kuwa, in aka ce gidan ɗan'uwa yana da buƙata, ba mai zuwa hannu rabbana. Matan zumunta suka riƙa sallama da gwangwanin madara da bokitin fenti, kowanne yana motsi. Wani dattijo daga Trikania ya kawo gafiya a buhu, ya ce jijiyar wannan ko makaho zai gani. Wata mama daga Kamazou ta ce in an gama haska gafiyar a aika mata, tana da barkono.

Ni aka ɗora wa ciyar da su. Har yau abin yana ba ni haushi.

Baba ya buɗe ɗakin Mama, wanda ba a taɓa shiga ba tun rasuwarta. Ya share da kansa, ya sa tebur da babbar tocila, ya kira mai ɗaukar hoton biki. Sannan ya kawo Yaya bakin ƙofa.

"Ga ofis, ga wuta, ga ma'aikata. Me ya rage?"

Yaya ta yi dariya har ta durƙusa. Ta ce nata ɓerayen farare ne tas, a ɗaki mai sanyi ake haifarsu, sai an sa safar hannu ake taɓa su.

"To, a yi wa waɗannan wanka," in ji Baba. Ya dube ni.

Ta tafi a ranar da tikitinta ya ce. Da muka dawo daga rakiya, ni da Baba muka kwashi gwangwanayen zuwa bola, muna buɗewa suna arcewa. Na ce, "Baba, tsakani da Allah, ka ɗauka za su yi?"

"Ni yaro ne?" Ya kifa bokitin ƙarshe ya zauna a kai. "Na ce ko za ta ji kunyar mutane, ta ƙara mana ko mako ɗaya."