Lambar da ke cikin jitar Yaya

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Na fara na goge ya fi sau uku. Tsorona kada in taɓa mutuncin wanda ba ya nan balle ya kare kansa, ga shi kuma karatuna bai wuce firamare ba. Inda kuka ga na yi tuntuɓe, ku yi mini uzuri.

Shekarun baya, lokacin da Jega da Aliero da Maiyama duk muna cikin jihar Sakkwato, Allah ya yi wa yayana rasuwa bayan gajeriyar jinya. Manomin albasa ne kamar mahaifinmu, amma yana da abin da babu mai shi a duk unguwarmu ta Jega, wato jita. Bayan la'asar, in ya dawo daga fadama, yakan zauna a bakin rudu, rumfar da muke jere albasa ta sha iska, ya yi ta kaɗa ta a hankali yadda sautin ba zai kai masallaci ba.

Wurin wani malami mutumin Gana ya koya, wanda ya koyar da mu a firamare, muna ce masa Ticha. Ticha yana da jita, kuma shi da Yaya ba sa rabuwa. Da gwamnati ta ce baƙi su koma ƙasashensu, cikin 'yan kwanaki Ticha ya tattara. Abin da bai iya ɗauka ba ya bar wa mutane ajiya, wannan katifa, wancan risho, da niyyar zai dawo. Bai dawo ba. Ni a lokacin ina Kimba wurin gwaggona ina yi mata noma. Da na dawo gida bayan 'yan shekaru na tarar da jita a ɗakin Yaya, ban taɓa tambayar inda ya same ta ba.

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gida, wani dattijon maƙwabcinmu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki. To yanzu jitar Ticha wa za a ba? Ai ajiya ce."

Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma maganar ta faɗa kunnen kawuna. Kawu wan mahaifiyata ne, malami ne a Aliero, kuma shi zai raba mana gado. Da mutane suka watse ya kira ni gefe.

"Ka ji abin da anka hwaɗi?"

"Na ji, Kawu."

"Ni ba ruwana da kayan kiɗa. Amma in ta mutane ce, tana wuyanshi har cikin kabari. Ba ni raba gado da amanar wani ciki. Ku gano ta wa ce."

Mahaifiyata ta ji. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba, kuma ba ta shiga ɗakinsa balle ta san kayansa. Kunya ba za ta bar ta ta fito ta kare shi ba. Sai kawai muka ga kwanon tuwonta yana dawowa yadda aka kai shi. Matar Yaya kuwa ta shiga takaba a ɗakin can ciki, mu maza iyakarmu gaisuwa daga bayan labule, kuma manya suka ce kada wanda ya ƙara mata damuwa da wannan zance.

Abokina mai gyaran rediyo ne ya kawo dabara. Ya ce duk kayan kamfani da lamba a jikinsa, kuma lambar takan nuna shekarar da aka ƙera shi. "In anka ƙera ta bayan tahiyar Ticha, ka ga ba tashi ba ce. Magana ta ƙare."

Ya haska cikinta da tocila ta wannan ramin da ke ƙarƙashin tsirkiya. Takardar da aka manna a ciki kyankyaso ya cinye ta, sunan kamfanin ya tafi. Amma can wajen da wuya ya haɗu da jiki, an buga lambobi bakwai a kan katako. Sun fara da ɗaya, huɗu, sifiri. Na ce to me suka ce? Ya ɗaga kafaɗa.

"Ni rediyo na sani. Na dai nuna maka ƙohwa."

Na kwafi lambar a takarda uku, don kada ɗaya ta ɓace, na kama hanyar Aliero. Kawu ya karɓi takardar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya duba. Sai ya yi murmushi.

"Wannan ne ya hana ku barci? Ɗaya, huɗu, sihiri, ga lamba ta huɗu ta cike shekarar. Ai shekarar Hijira ce a rubuce ƙarara."

Ya lissafa da yatsunsa daga azumin shekarar da baƙi suka tafi, ya ce jita ta zo duniya bayan Ticha ya bar ƙasar nan. Ya sa ranar rabon gado, Asabar mai zuwa. Ban san lokacin da na iso Jega ba don murna. Na gaya wa Inna. Ran nan kwanonta ya dawo babu ko loma.

Kwana biyu na yi cikin jin daɗi. A na uku, ina ba albasa ruwa a fadama, sai wani tunani ya faɗo mini. Su waye suke ƙera jita? Ko Turawa ko mutanen wata ƙasa mai nisa. To me ya haɗa su da lissafin Hijira? Na ajiye ƙwaryar ban ruwa na zauna a kan kunya. Na ce wa kaina yi shiru, malami ya yanke hukunci, tsohuwa ta fara cin abinci, wa ya tambaye ka? Amma duk sallar da na tayar, sai lambar nan ta tsaya mini a gaba. Ranar Juma'a na koma Aliero.

Kawu ya daɗe yana kallona. "Kai dai tun kana yaro haka kake. Alwala ɗaya sai ka yi ta sau huɗu." Ya ja gemunsa. "Amma gaskiyarka. Son in wanke yaron ne ya ruhe mini ido. A ɗaga rabon."

Abin da ya fi mini ciwo shi ne komawa in gaya wa Inna. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ba ni labarin wani tsohon soja a Maiyama da ya yi aiki da makaɗan badujala. Na cusa jita a buhun albasa, wuyanta ya ƙi shiga, na rufe kan da tsohuwar hulata. A cikin a-kori-kura wata tsohuwa ta yi ta hararar buhun, can ta kasa haƙuri.

"Malam, mi ke ciki? Ba dai bindiga ba?"

Na ce, "Kayan mamaci ne, Inna." Duk motar ta ɗauki addu'a, ni kuma na sunkuyar da kai ina amsa amin.

Tsohon sojan bai ko kalli takardata ba. Ya karɓi jitar, ya ɗaure tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kaɗawa. Tun rasuwar ban ji muryarta ba. Na zo da tambaya a bakina, sai ga ni ina share hawaye da hannun riga a gaban mutumin da ban sani ba. Da ya gama ya leƙa ciki.

"Wasu kamfanoni, lambar hwarko ita ce wutsiyar shekarar Nasara. In haka ne, duk yadda ka juya wagga ɗayan, an ƙera ta tun Ticha naka yana nan."

Na ce, "Ke nan tasa ce, Baba?"

"Na ce tashi ce? Jita ɗaya anka ƙera a duniya? Kuma kowane kamfani da nashi tsari. Babu suna, ba ni rantsuwa. Ta Ticha wace kala ce?"

Na rufe ido na yi ta nema. Na tuna farar rigarsa, na tuna bulalarsa, amma kalar jita ta ƙi zuwa. Haka na koma da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi.

Gado ya zauna ba rabo har matar Yaya ta cika wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita takaba na shiga gaishe ta. Da ma akwai wasa tsakaninmu, irin na matar wa da ƙanen miji, Malam Wasiwasi take ce mini. Bayan gaisuwa ta ce, "Wai ina kaka ta yawo da jitar yayanka cikin buhu? Yara sun ce har Maiyama ta kai."

Na kwashe komai na gaya mata. Ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, har dariyar ta koma kuka. Ta share fuska da bakin mayafi.

"Kaicona da wanga ƙanen miji. Ka tahi Aliero, ka tahi Maiyama, ka tsallake ƙohwar ɗakina? Ta Ticha kwana biyu ta yi wurinmu. Ya ce a riƙe mashi, yayanka ya ce bai iya riƙon abin da bai san ranar maidawa ba. Ranar tahiya ya bi shi tasha da ita. Ni na naɗe ta da zanen atamfa na lefena don kada rana ta tsaga ta. Zanen ma da shi anka tahi."

"To wannan fa?"

"Kwance ce, tsohuwa ya sawo ta Sakkwato bayan damina biyu, ina goyon ɗiyata ta biyu. Sati munka yi ba mu magana, don keken ɗinki ya yi mini alkawari."

Halina bai bar ni ba, sai da na je tasha na nemi tsohon kamashon da ya yi lodin motar. Ya tuna sarai, ya ce ranar har dariya suka yi, jita ta ɗaura zane kamar amarya. Kawu ya karɓi shaidar, aka raba gado. Jita kuwa ya ce ba ya sa ta a lissafi, matar Yaya ta ce a ba wanda ya sha wahalarta. Da aka gaya wa Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "Na san wancan yaron."

Abin ya wuce da daɗewa. Kawu da Inna duk sun bi Yaya, Allah ya jiƙansu. In na tuna, nakan yi wa kaina dariya: na yarda katako zai yi mini shaida, ban yi tunanin matar da ta kwana ɗaki ɗaya da jitar ba. Amma ba na nadamar komawa Aliero ranar Juma'ar nan. Da na yi shiru, da an wanke Yaya da lissafin da ba daidai ba, kuma da har yau ina ɗauke da shi.

Jitar tana rataye a ɗakina, ban iya kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba. Na sa hoton lambar a ƙasan wannan rubutu. Duk wanda ya san kan irin waɗannan lambobi, don Allah ya gaya mini wane kamfani ne da shekarar da aka ƙera ta, ko da amsar ba za ta yi mini daɗi ba. Waɗanda kuma suka yi firamare a Jega a wancan zamani sun san Tichan da nake nufi. In akwai mai labarinsa ko na 'ya'yansa, ina so in ji abu ɗaya: mun san jitar ta hau mota, amma ta isa gida?