Ciwon da Ya Kama Ni Bayan Rasuwar Yaya Mansur

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu na tambaya ko na bar Abuja. Ina nan. Jinya na yi, kuma Alhamdulillah na miƙe.

Duk wanda ya san shagonmu na atamfa a kasuwar Wuse ya san yayana Mansur. Shi ya ɗauko ni daga Funtua tun ina saurayi. Ɗakinmu ɗaya a Jikwoyi, tare muke cin abinci, iyalanmu suna can gida. Bara bayan ƙaramar sallah Allah ya karɓi abinsa.

Aka gama zaman makoki na dawo na buɗe shago. Kowa na yaba haƙurina.

Da abinci abin ya fara. In sayo tuwo, in buɗe, in mayar in rufe. Daga nan ƙirjina ya fara ɗaurewa, zuciyata na bugawa kamar wanda ya yi gudu. Ranar nan ina yanka wa wata mata yadi, almakashi ya suɓuce min ya faɗi.

Maƙwabciyar shagona, Madam Ngozi, ita ta tare mota.

"Oga Lawal, kai ba ta cin abinci, kai ba ta magana. Yau sai asibiti."

Aka ɗebi jinina, aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ce in dawo a yi hoton zuciya. Kuɗi sun tafi sosai. Ni kuwa na riga na sallama cewa Yaya zan bi.

Likita ta gama duba sakamakon ta ɗago kai.

"Malam Lawal, zuciyarka lafiya lau take. In ka koma gida, da wa kake hira?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai kuka ya ƙwace min. Ni da ko a maƙabarta ban zubar da hawaye ba.

Ta ce ciwon damuwa ne, za ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ni fa ba mahaukaci ba ne."

Ta ce, "Ban ce ba. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana jin magani."

Ban tafi ba sai da na tambayi limamin unguwarmu ko rashin tawakkali ke damuna. Ya ce, "Lawal, kewa ba rashin imani ba ce. Sha maganinka, ka ci gaba da addu'a."

Na je wurin likitan ƙwaƙwalwar. Da farko maganin ya sa min kasala, daga baya jiki ya saba. Likitan ya kafa min doka: kada in sake cin abinci ni kaɗai. Sai na koma cin na rana a tabarmar masu shagunan layinmu.

Abin da ya fi min wuya shi ne faɗa wa matata Hajara. Da na kira ta na faɗa mata, sai ta ce, "Shi ne ka ɓoye min? Gobe ina hanya."

Ta zo da yara. Yanzu muna tare a nan, gida cike da hayaniya. Duk Juma'a ina kiran 'ya'yan Yaya mu sha hira, har labarinsa muke yi muna dariya.

Kewarsa tana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ina ci, ina barci, ina kasuwata.

Na gode wa Allah. Na gode wa Madam Ngozi, da likitocina, da Hajara.

Maza 'yan uwana, in ƙirji ya yi nauyi ku je asibiti, ku faɗa wa likita har abin da ke ranku. Kada ku daina magani sai da izininsa.

In kuma an yi wa naka rasuwa, kada ka tsaya a gaisuwar uku da ta bakwai. Bayan kowa ya watse ne ya fi buƙatarka. Ka je, ko ba ka da abin faɗa, ka zauna kusa da shi.