Ƙasa a Bokitin Fenti

Ranar da aka haifi 'yata ta fari, wata nas ta leƙo daga ɗakin haihuwa ta miƙo mini baƙar leda, ta ce, "Ga kayanka." Na sa hannu biyu na karɓa, na ji ɗumi. Mabiyiya ce, abin nan da ke biyo bayan jariri. A garinmu Gwarzo namiji ko ganinta ba ya yi. Ungozoma ce ke wanke ta, ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego, ta binne, ta ɗora dutse, a wuce wurin. Ni kuwa ga ni tsaye a barandar wani asibiti a Legas, ba ungozoma, ba gwaggo, ba bayan ɗaki.

Ba haka muka shirya ba. Da niyyarmu matata ta tafi Kabo wajen iyayenta ta haihu a can, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Har na ɗinka mata kayan tafiya, don ni tela ne. Sai yarinyar nan ta ƙi jira, ta zo saura wata guda. Har yau haka take, ba ta jiran kowa.

Na fito bakin titi da ledar a hannu, na kira Inna na yi mata albishir. Ta yi hamdala, ta yi addu'a mai tsawo, ta tambayi mai jego, ta tambayi ko an yi wa yarinyar huɗuba. Sannan ta ce, "To, mabiyiyar fa?"

Na ce, "Ga ta a hannuna, Inna."

"A hannunka? Innalillahi. To maza ka je gida ka binne ta kafin rana ta faɗi. A ƙasa mai kyau, a cikin gida, inda ba a takawa. Ka ji ko? Ɗan da aka yar da mabiyiyarsa ba ya zama wuri ɗaya."

Na ce na ji. Ban tsaya yi mata bayanin abin da ake kira gida a Legas ba.

Gidan da nake haya dogon lungu ne da aka yi wa rufi, ɗakuna a jere dama da hagu suna kallon juna. Idan na buɗe ƙofata, gadon maƙwabcina nake gani. Kicin ɗaya, banɗaki biyu, layin bokitai tun asuba. Kuma tun daga ƙofar waje har katangar baya siminti ne. Mai gidan ya malala shi ko'ina saboda ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙasa da damina. Shekarata uku a gidan ban taɓa lura ba sai ranar. Na zaga baya, na zago gaba, na leƙa bayan tankin ruwa, na ɗaga wani tsohon kwano da aka jingine. Ko inda kaza za ta yi tono babu.

Na samu mai kula da gidan, wani mai tumbi da ke wuni a kan benci yana sauraron rediyo. Na ce ya yi mini izini in fasa simintin bayan tagata, tafin hannu biyu kawai, zan mayar da shi da kaina. Ya tambayi dalili, na faɗa masa. Ya yi mini barka da gaske, har da riƙe mini hannu. Sannan ya ce su ma suna binnewa, amma a gidan ubansu. Ya ce ɗaki na kama haya, ban kama ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba, in duba takardata. Ko ƙusa ma ai sai da izini.

Raina ya ɓaci, amma me zan ce? Gaskiya ya faɗa. A gidanmu na Gwarzo tun ina yaro nake haƙa duk inda na ga dama, ramin gyaɗa, ramin kwaɓa ƙasa, ban taɓa tunanin akwai ranar da zan roƙi taki ɗaya a hana ni ba.

Na wanke mabiyiyar a banɗaki yadda na iya, na naɗe ta a farin ƙyalle, na mayar cikin ledar, na nufi shagonmu. Abokin ɗinkina mutumin Getso ne, ya daɗe a garin, 'ya'yansa biyar duk a nan aka haife su. Ya ɗago daga kan keke ya ce, "Kai ma ka cika sa wa kanka wahala. Ka kai gefen maƙabarta, akwai masu haƙa."

Na ce, "Yarinya ko kwana ba ta yi a duniya ba, in fara kai mata kaya maƙabarta?"

"To bakin layin dogo."

"Inda karnuka suke kwana?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da taka kekensa. Ya ce, "Idan kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi." Ban tambaye shi ina ya kai na 'ya'yansa ba, don ba na son in ji.

Na ari ƙaramar fartanya wajen mai gadin kasuwa na shiga gari. Ban taɓa yawo ina kallon ƙasa kamar ranar ba. Kwalta, siminti, kwata, tulin shara, katakon da aka shimfiɗa a kan ruwa. Duk wani fili da na hango, in na ƙarasa sai in tarar da katanga da rubutun gargaɗi a jiki. Azahar ta yi mini a hanya, na yi salla a wani masallacin bakin titi da ledar a gefen ƙafata, hankalina rabi yana kanta.

Can wajen la'asar na sami wani gefe a bayan unguwa, kusa da babbar magudanar ruwa, ciyawa ta fito kore shar. Na ce alhamdu lillahi. Na durƙusa na fara sara. Ban kai kamu ɗaya ba ramin ya fara tsattsafo da ruwa, baƙi, mai wari. Na matsa gaba na sake, haka. A garinmu sai an yi gaba goma ana neman ruwa, nan kuwa ruwan ne ke neman mutum.

Ina rami na uku na ji inuwa a kaina. Samari ne, huɗu ko biyar, bayansu wasu na tahowa. Ɗaya ya tambaya da broka, Turancin titi, me ke cikin ledar. Sai a lokacin na ga kaina yadda suke ganina: baƙo, a bayan gari, da fartanya, da leda mai jini a gindi. A Legas an kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Brokar da na iya ta gudu ta bar ni. Wani ya fizge ledar.

Allah ya kawo wata dattijuwa mai gasa masara a bakin hanya. Ta kutsa tsakiyarsu, ta karɓi ledar, ta buɗe ƙyallen ta duba. Ta rufe, ta juya ta wanke su tas da yarensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga yadda suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni mace ce ko namiji. Na ce mace. Ta miƙo mini ledar ta ce in bar wurin nan, ruwa zai tono ta kafin sati.

Na kamo hanyar gida, rana ta yi ja. A wani kwana na tarar ana gini, tifa ta juye jar ƙasa ta ciko, irin wadda ake kawowa daga nesa. Na tsaya ina kallonta. Busasshiya, mai tsabta, kusan irin ta garinmu. A gefe ga bokitan fenti da aka gama da su. Ban san lokacin da shawarar ta zo mini ba. Na sayi bokiti ɗaya mai murfi, na ce wa lebura ya cika mini da ƙasa. Ita ma sai da na biya.

A bayan tagarmu na yi aikin. Na kwashe rabin ƙasar, na zuba garin gawayi, na yi bisimilla na kwantar da ƙyallen a tsakiya, na mayar da ƙasar na danne da tafin hannu, na rufe. Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara.

Inna ta ce, "Ka binne?"

"Na binne."

"A ƙasa?"

"A ƙasa, Inna."

"A cikin gida?"

"A cikin gida."

Ta ce Allah ya yi mini albarka. Babu ƙarya ko ɗaya a abin da na faɗa, amma ban iya cin abinci ba ranar.

Da matata ta dawo daga asibiti na nuna mata. Ta daɗe tana kallon bokitin, sannan ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata zafi, daga nan kuma ta yi kuka. Maƙwabta kuwa suka yanke cewa asiri ne Bahaushe ya ajiye. Amfaninsa ɗaya, daga ranar ba a ƙara ɗauke mana silifa ba.

Shekara biyu bayan haka aka sayar da gidan, aka ba mu takardar tashi. Nan na ga wani abu da ban hango ba: da na fasa simintin nan, da mun tafi mun bar ta ƙarƙashin shagon wani. Na ɗauki bokitin na ɗora a kan kaya, tsakanin katifa da keken ɗinki. Gida na biyu ruwa ya kore mu, ya shigo har gwiwa, na ɗora bokitin a kan tebur kafin in ɗora buhun shinkafa. Gida na uku bene ne, hawa uku, na hau da shi a kafaɗa ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala. Masu kwasar kaya kullum sai sun tambaya me ke ciki, in ce ƙasa ce, su dube ni kamar mai taɓin hankali. Hannun bokitin ya karye, na ɗaura masa igiya.

Duk lokacin da muka tashi, maganar Inna sai ta dawo mini. In ga yarinyar tana tsalle a kan kayan da aka ɗaure, tana murna za a shiga mota, in ce a raina ko dai ba za ta zauna wuri ɗaya ba ke nan. Ni da na yi karatun islamiyya na san ba rami ke zaunar da mutum ba, Allah ne. Amma sani daban, kwanciyar hankali daban. Sau biyu muna zuwa gida da salla, ina niyyar tafiya da shi, ina fasawa. In kai shi yana nufin in tsaya gaban Inna in faɗa mata irin ƙasar da na ce na binne a ciki.

Sai da yarinyar ta shekara biyar na yi ta maza. Na naɗe bokitin a buhu, na sa shi ƙarƙashin kujerata a motar Kano, ƙafafuna a kansa kwana da wuni. Daga Kano muka hau ta Gwarzo. Bayan an gama gaishe-gaishe, an ci abinci, mutane sun ragu, na jawo buhun gaban Inna na kwance. Na faɗa mata komai, har da samarin bakin magudana. Ina magana ina kallon tabarma.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe murfin, ta ɗebi ƙasar ta murza a yatsunta. Ta ce, "Ta gonar wa ce?"

Na ce, "Saye na yi."

"Ƙasar?"

"E."

Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko fartanyarta, ta ce in biyo ta da bokitin. A bayan ɗakinta ta haƙa ramin da kanta, ta hana ni taɓawa, ta ce ba aikin maza ba ne, na yi wanda na yi ya isa. Ta juye. Babu komai a ciki sai ƙasa da baƙin gawayi da ɗan zaren ƙyalle. Ta mayar da ƙasa, ta kira yarinyar ta ce ta ɗauko dutse ta ɗora. Yarinyar ta ɗora, ta ruga wajen awaki.

Na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na ɗauki bokitin zan jefar a juji, na gaji da ganinsa. Inna ta ce, "Kawo nan."

Ta durƙusa a gefen ramin, ta shiga ɗibar ƙasar bayan ɗakin da hannu biyu tana zubawa a ciki. Na ce, "Inna, me za a yi da wannan kuma?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Matarka ciki gare ta, ina da ido. Kuma na san ba dawowa za ku yi ba." Ta cika shi fal, ta danne da tafin hannu, ta mayar da murfin. "Ka tafi da wannan. Kada ka ƙara sayen ƙasa ina raye."