Soson Teku a Bahon Wanki

A unguwar ba mai kiranta da sunan yanka. Uwar Soso ake ce mata, daga mai kayan miya har direban motar haya, ita kuwa da fara'a take amsawa. A cibiyar binciken halittun teku da ke bakin gaɓa take aiki. Ita ke yanka soson teku siriri kamar ɓawon albasa, ta ɗora a fallen gilashi, a duba shi a madubin bincike, wanda ke mai da ƙwayar ƙura ta zama dutse.

'Yar tela ce. Da idon mahaifinta ya yi rauni, ita ke zura masa zare a allura, har yakan ce idonta zai iya hango kwarkwata tana hamma. Da wankin kwalabe ta fara a cibiyar. Rannan Dakta, dattijuwar da ke shugabantar ɗakin gwaje-gwaje, ta ce mata, "Ajiye kwalbar nan, zo ki leƙa." Ta leƙa, sai ga allurai zube, masu ƙyalli, wasu miƙaƙƙu, wasu da ƙugiya.

Ta ce, "Dakta, wane telan ne ya zubar da kayansa a nan?"

Tun daga ranar ba ta koma kan kwalabe ba.

In ka zauna kusa da ita a mota, ka shiga uku. Kafin ka sauka sai ka san cewa soson teku dabba ne, ba tsiro ba, kuma ba shi da baki, ba shi da hanji, ba shi da zuciya. Ruwa yake zuƙa ta ƙananan kafofin jikinsa, ya tace abincinsa, ya fesar da sauran ta babban rami. Alluran nan su ne ƙashinsa, da su ake gane danginsa. Wasu na alli ne, wasu na gilashi. Manyan sukan nuna babban gidan da ya fito, amma ƙananan, waɗanda ke warwatse cikin namansa, su ke faɗin ɗan wane ɗaki ne. Don a fito da su, akan jiƙa ɗan guntu a ruwan bilic, irin na wanke fararen kaya, naman ya narke, su kwanta a ƙasa kamar gari.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa riƙewa ba: soson gilashi, mai allura tsini shida, wanda ke zaune can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa. A hoto kawai ta san shi.

Maigidanta kuwa mai wanki da guga ne, tsakar gidan kullum cike da igiyoyin shanya. Aƙidarsa a sana'a guda ce: babu dauɗar da ta fi ƙarfin bilic.

Wata ranar hutu da hantsi, ya fita kai kayan mutane, sai ga wani masunci ya yi sallama da bokiti a hannu, yana toshe hanci.

"Yaya, ga ajiyarki. Tarunmu ya kwaso shi daga zurfi. 'Yan jirgi suka ce a jefar, na ce a'a, akwai mai son irin wannan ƙazantar."

"Ƙazanta a bakinka! Kawo in gani."

Wani abu ne dogo kamar kakaki, launin taɓo, yana wari kamar mushen kifi. Ta taɓa shi da ɗan yatsa, ta ji ƙaiƙayi ya soke ta. Ta ɗaga shi ga rana, sai ta hango saƙa a ƙarƙashin naman, ramuka a jere kamar raga.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Ƙanena, Allah ya yi maka albarka, Allah ya cika maka taru!"

"Amin. Amma ki riƙe bokitin ma, na yafe."

Dole a saka shi cikin sipirit kafin ya ruɓe, ga cibiya a kulle, mabuɗi yana wajen Dakta. Ta tura bokitin ƙarƙashin teburin guga, ta zari mayafi, ta fita da takalmi wari da wari.

Ko da suka dawo ita da Dakta, suna haki, da kwalbar sipirit a hannu, warin ya ɓace daga gidan. Wani ƙamshi ne ya tare su, wanda ta sani sarai: na bilic. Ta ɗaga kai. A kan igiya, tsakanin wata farar riga da zanin gado, an maƙale wani kwando fari fat, saƙaƙƙe kamar leshi, rana na wasa a jikinsa. Kyansa ya tsayar da ita. Sai kuma ta gane abin da take kallo: ƙashin sosonta ne, babu ko ɗigon nama.

Ta waiga. Maigida na tsugune a bakin kwata, ya karkata babban baho.

"Baban yara! Kada ka zubar!"

Ya daskare, ruwan na lilo a leɓen bahon.

"Lafiya, Malama? Kunama ce?"

"Miƙar da shi! A hankali! A hankali na ce!"

Ya miƙar, ya tashi yana goge hannu, fuskarsa cike da alfahari. "Kin ga abinki? Na dawo na tarar wari zai kama mini kayan mutane. Na ce bari in taimaka mata. Dubi yadda ya fita! Ko sabulu ban sa ba."

"Naman fa?"

"Wane nama? Dauɗa dai."

Dakta ta zauna a kan turmin buga kaya, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Malam, naman nan ya tafi ke nan, ba mu da abin aika wa manyan ɗakunan gwaji. Abin da ya rage mana yana gindin bahon nan. In ya bi kwata, kwandon ado kawai muke da shi."

Ya dubi ruwan, ya dubi matarsa. "To, ai ba a gaya mini ba."

Haka suka fito titi a jere. Maigida a gaba, baho a ka, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Uwar Soso na gefensa da hannu biyu a sama. Dakta a baya, ta rungume kwandon cikin tawul.

Mai faci ya ɗago daga kan taya. "A'a! Yau wanki har teku za a kai shi ɗauraya?"

Uwar Soso ta ce, "Kauce mana, kada ka sa shi dariya!"

A ɗakin gwaje-gwaje ta bar ruwan ya kwanta, ta tsiyaye na sama, ta ɗauraye garin da ruwa mai tsabta, ta sake, ta sake. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a fallen gilashi, ta sa ido. Zaren shuɗin yadi ta gani, da gashin tawul. Ɗigo na biyu ma tarkacen wanki ne. Maigida ya koma bakin ƙofa, ya cire hula yana murzawa.

Ta ɗiga na uku. Ta juya madubin kaɗan.

"Dakta. Dakta! Tsini shida! Ga wata! Ga kuma ƙananan, kamar taurari, kowane tsini ya buɗe kamar fure!"

Dakta ta ture ta, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. "Masu tauraro ne. Yanzu mun san ɓangarensa, kuma da waɗannan za mu bi shi har ɗakin uwarsa. Wannan ne na farko a cibiyar nan, kuma ke kika kawo shi."

Uwar Soso ta rangaɗa guɗa a ɗakin da ko tari ba a yi da ƙarfi. Ta jawo mijinta da hannun riga. "Zo ka ga aikinka, sarkin ɓarna."

Ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya ja numfashi. "Kai! Amma fa sun fita." Ya ɗago ya dubi Dakta. "Ranki ya daɗe, za a bar su haka, ko a haɗa da guga?"