Ƙullun Masa a Shagon Waya

Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Maradun, komai na girki ta iya in ban da masa. Duk ranar da ta yi, sai ta kira ni ta ce ta fito da tauri kamar an toya ƙasa. A da, da tuni na hau mota na je na tsaya mata a bakin tanda, amma hanyar yanzu ba kullum take biyuwa ba. Ga azumi ya matso, uwar mijinta kuma ba ta buɗa baki da komai sai masa.

In na ce ta jira ƙullu ya tashi, sai ta ce, "Inna, tashin nan shi ne ban gane ba." Gaskiyarta. Abin ido ne, baki bai iya kwatanta shi.

Ƙanwata da ke koyarwa a Bakura ita ta kawo shawarar a ɗauki aikin a bidiyo a sa a intanet, ɗiyar ta gani, wasu ma su ƙaru. Maigida ya yarda, da sharaɗin hannu kaɗai zai fito. Ni ma haka na fi so. Saura abin ɗauka, don wayata ta kira ce kawai.

Ranar kasuwar Mafara muka tafi shagon waya ni da ƙanwata, na ɗebi ƙullun da ya kwana a ɗan kwano mai marfi na riƙe a ƙarƙashin hijabi. Ƙanwata ta yi ta yi mini tsiya a hanya, wai ko biki za mu.

Bayan mun gaisa, mai shagon ya fara fito da wata kyamara baƙa mai dogon hanci. Na ɗaga ta na ji nauyi, na tuna hayaƙi da tsallen mai, na mayar masa a hankali. Ya ɗauko wata waya mai walƙiya ya ɗauki ƙanwata hoto. Sai ga ta fes kamar amarya, har tsagar kumatunta ta ɓace. Ta ce wannan za a saya.

Na buɗe kwanon na ajiye a kan teburinsa.

"Hajiya, saidawa kuke?"

"A'a, ɗana. Matso da ita nan, wanga shi za a ɗauka."

Da ya matso, ƙullun ya koma sumul a cikin wayar kamar kindirmo, babu ido ko ɗaya. Na ce wadda ta goge tsagar mutum ai ba za ta bar kumfa ba. Muka gwada ta biyu, ita ma haka. Ta uku ba ta da wani kyau a hannu, amma da ya kusanto da ita sai ga ƙananan idanun nan suna tasowa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ita muka ɗauka, da wani ƙarfe mai ƙafa uku kamar murhu. Mai shagon ya ce tun da ya buɗe, ba a taɓa gwada masa kaya da ƙullu ba.

Washegari da hantsi muka ɗauki bidiyon a tsakar gida, zakara na ta sa baki. Ƙanwata ta sa shi a intanet, ɗiyar ta kalla.

Ranar farko ta azumi, bayan la'asar, ɗiyar ta turo bidiyon nata ƙullun tana tambaya ko ya yi. Na duba da kyau na ce ta ƙara masa ɗan lokaci. Bayan an sha ruwa ta kira ni, muryarta wasai: tsohuwar ta cinye nata, ta aiko a ƙaro mata.