Neman Inna a Cikin Masu Ɗawafi

Don ƙwallo yayana ya sauya mana talabijin, ba don komai ba. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, yana da ɗan shagon kayan waya a unguwar Hanoukopé ta nan Lome, kuma duk ranar wasa da mita yake kwana. Farantin da ke kan rufinmu, wanda mu a Zongo muke ce wa farabol, iskar teku ta riga ta cinye shi da tsatsa. Hadari na haɗuwa hoto zai fara kakkaryewa, ɗan wasa ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Ko ranar da gari yake garau, ba ka gane fuskar mutum sai dai launin rigarsa.

Mma, mahaifiyarmu, ba ta ga abin gyara ba. A wurinta akwatin da yake magana, yake kuma nuna mutane, ya gama aikinsa. Yaya ya yi ta yi mata bayanin sabon tsarin da shi da abokansa suke kira "ash-de" da bakin Faransanci, wai har gumin goshin mutum za a gani. Ta ce ita ba ta da buƙatar ganin gumin kowa.

Bai fasa ba. Wata Asabar sai ga shi a bayan zemijan, acaɓarmu ta Lome, ya rungumo kwalin talabijin mai faɗi, sabuwar dikoda a jaka. Ya jona wayoyi, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Washegari mai gyara ya zo daga unguwar Agbalépédo, wani dattijo mai yawan dariya, ya ce da wayar da na'urar da ke kan farantin duk sai an sake su. Ya hau rufi, Yaya ya tsaya gaban allo, ni kuma aka dasa ni a tsakar gida ina isar da saƙo. Dattijon ya juya faranti ya tambaye ni da yaren Mina, in leƙa taga in tambayi Yaya da Hausa, shi kuma don haushi ya amsa mini da Faransanci. Haka muka yi ta yi har rana ta take.

Tashar da ta fara kamawa ba ta ƙwallo ba ce, wadda ke nuna Harami kai tsaye ce. Mma ta zo wucewa da robar wanki, sai ta tsaya. A tsohuwar talabijin masu ɗawafi wani farin gungu ne kawai mai juyawa. Yanzu ga mutane ɗaiɗai, ga mai tura tsohuwa a keke, ga wani ya ɗaga hannu yana hawaye. Ta ajiye robar ta zauna a hannun kujera.

"Ashe ana gane mutum," in ji ta.

A lokacin ƙanwarta, wadda muke kira Inna, tana can ta tafi umara. Daga ranar Mma ta samu aiki. Da ta idar da sallar Azahar sai ta jawo kujera dab da allo, carbi a hannu, tana bin mata ɗaya bayan ɗaya da ido. Labari ya zaga layinmu. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta tuna surukinta ma yana can. Wata ba ta da kowa a Makka, amma ta ce za ta taya dubawa.

Ranar babban wasan da Yaya ya daɗe yana jira, ya shigo da abokansa ya tarar da falo cike da mata, takalma har bakin ƙofa. Ya tsaya yana juya rimot a hannu. Mma ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce masa ya matsa yana tare haske. A shagon aski suka kalli wasan, a tsaye.

Da yammacin wata Alhamis Mma ta miƙe zumbur ta ɗora yatsa a kan allo. Wata mata ce mai shuɗin hijabi, gajera, tana tafe tana ɗan ɗingishi. Kafin mu matso hoton ya koma wani gefe, amma Mma ta ce ko a cikin dubu ba za ta kasa gane tafiyar ƙanwarta ba. Mai koko ma ta ce ta shaida. Aka sa ni na kira Inna a waya.

Inna ta ɗauka da muryar mai barci. Ta ce tun safe tana masauki, mura ta kwantar da ita, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Mma ta karɓe wayar.

"Ke ce mana. Na gan ki da idona. Ba shuɗin hijabi gare ki ba?"

Inna ta ce tana da shi, amma yana cikin akwati. Mma ta ce to ta sake tunani da kyau, zazzaɓi yana sa mantuwa.

Da Inna ta dawo, gidanta ya cika da masu sannu da zuwa, ana raba dabino da zamzam. Duk wadda ta shigo sai ta ce an gan ta a talabijin. Da farko tana musawa, tana ba da labarin murar. Zuwa la'asar ta gaji. Ina zaune kusa da ita wata tsohuwa ta tambaye ta ko ta san ana ɗaukarta a lokacin. Inna ta gyara mayafi ta ce ina fa, Hajiya, ai mutum in yana ibada ba ya lura.